Ya Gumsu, Mai Ƙirga Tukwanen Bolori

Ƙarfe bakwai na safe Ya Gumsu ta riga ta sauka daga keke a unguwar Bolori, jaka a kafaɗa, biro maƙale a bakin lafaya. Shekara ashirin da shida ta yi a sashen ƙididdiga tana shiga gida-gida, tana tambayar mutane abin da ke shigowa hannunsu a wata. Tambaya ce mai jawo zagi. An rufe mata ƙofa, an kira ta 'yar haraji, an kira ta 'yar leƙen asiri. Washegari sai ta dawo ta yi sallama kamar ba a yi komai ba.

Ita tukunya take ƙirgawa. A wurinta, duk masu ci daga tukunya ɗaya su ne iyali ɗaya. In ta gama zagaye sai ta jera takardun daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, ta zaro ta tsakiya. Wannan ce ma'aunin unguwar, rabin iyalai na ƙasa da ita, rabi na sama, kuma attajiri ɗaya bai isa ya ɗaga ta ba komai dukiyarsa. Kowace shekara takan gwada da ta bara, ta duba mudun gero nawa kuɗin zai saya. Lamba na hawa, gero na raguwa, haka take rubutawa ko ran wa zai ɓaci.

Shekara uku da suka wuce, wata ƙungiyar agaji da ke biyan kuɗin maganin yara a wani ƙaramin asibitin unguwar ta ce daga yanzu sai inda samun mutane ke ƙasa za ta taimaka. Aka ɗauke binciken daga hannun Gumsu, wai tana da nawa, aka ba wani kamfani kwangila. Ma'aikatansa suka riƙa tsayawa a bakin ƙofa, su haɗa samun duk wanda ke kwana a ciki, su rubuta iyali ɗaya. Kwana huɗu suka gama. Rahoto ya fito, wai samun Bolori ya ninka uku. Bolori fa! Inda mutanen da rikici ya koro daga ƙauyuka suka cunkushe a gidajen 'yan uwa har ba wurin shanya. Wannan rashin kunya har yau ba ta daina ci mini rai ba.

Da yake ƙungiyar ta yarda da aikin Gumsu, sai daraktan sashen ƙididdiga ya nemi sa hannunta a kan rahoton.

"Ya Gumsu, ki sa hannu kawai, kada ki kunyata ofis."

"Ranka ya daɗe, in na sa, wata mai zuwa magani ya tsaya. Ba zan sa ba."

"Saura shekara uku ki yi ritaya. Ki je ki yi tunani."

"Ai na yi."

Ta je ta ɗauko Florence, jami'ar ƙungiyar, ta kai ta gidan Baba Gana, wani tsohon birkila. Shi da bakinsa ya ba ni labarin. "Ta shigo da baƙuwar har tsakar gida, ta ce mata, ƙirga murhu. Bakwai ne. Nawa, na ƙannena, na surukaina da suka gudo. Na ce mata wallahi, 'yata, akwai ranar da uku kaɗai ake hurawa." Florence ta sa aka sake bincike. Mako shida Gumsu ta yi tana yawo cikin rana. Da ta zaro takardar tsakiya, ko ta bara ba ta kai ba. Magani bai tsaya ba.

To, me aka saka mata da shi? Aka tura ta ɗakin tsofaffin fayil-fayil, cikin gara da zafi. Ƙarin girma ya tsallake ta sau biyu. Kamfanin kuwa aka ƙara masa wata kwangilar. Watan jiya ta yi ritaya, ko takardar godiya ba a ba ta ba. Kunya dai ba ta kama kowa ba a ofishin nan.

Ya Gumsu, ke ce mai shiga har madafa. Ke ce aka nuna wa ritaya don ki tsorata, kika ƙi. Matan da ke layi a asibitin nan da safen yau, goye da yara masu zazzaɓi, ba su san sunanki ba, amma za su karɓi magani su koma gida. A madadinsu muna cewa mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma da kuka gaje ta, ku ji tsoron Allah, ku yi sallama ku shiga ciki. Lambar da za ku rubuta cikin gaggawa, wata uwa ce za a ce wa ta koma gida da ɗanta, babu magani.