Namijin Gwandar da Na Sare a Maamobi

A shekarar da abinci ya yi wuya a Accra, ina aikin kafinta a unguwar Maamobi, ina haya a wani gida mai ɗakuna da yawa. Ni kaɗai ne Kirista a gidan. Ban daɗe da yin baftisma ba, bakina cike da wa'azi, kunnena kuwa a toshe.

A bayan ɗakina akwai wata gwanda doguwa. Fure take yi a kan dogayen sillaye, amma ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Ina son wurin don in kafa rumfar ajiye katako. Da na ɗauko adda, sai wata tsohuwa maƙwabciyata ta fito. Mma muke kiranta duka. Mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku, kuma gwanda huɗu da ke gefen ɗakinta su take sayarwa a kasuwa ta sayo gari.

Ta roƙe ni in bar bishiyar. Ta ce namiji ce, ƙwari ke ɗaukar garin furenta su kai wa nata. Na yi dariya, na ce mata a cocinmu an koya mana bishiyar da ba ta haihuwa sarewa ake yi. Har na ji daɗin amsar tawa. Sara uku na yi, bishiyar ta faɗi.

Bayan 'yan watanni furannin gwandar Mma suka riƙa zubewa, 'ya'yan da suka fito ƙanana suka bushe a jiki. Duk da haka ba ta canza mini fuska ba. Gaisuwarta ma ba ta ragu ba, wannan ya fi zagi zafi. Ranar da na ga babbar jikarta tana kankare ƙanzon tukunya tana raba wa ƙannenta, na shiga ɗaki na kasa yin addu'a.

Wani mai lambu a unguwar Alajo, da nake gyara masa ƙofa, ya nuna mini yadda ake shafa furen namiji a kan na mace da hannu. Daga nan, sau biyu a mako, nakan tafi Alajo da sassafe a ƙafa, in dawo da furen namijin gwanda a cikin gwangwani, in hau tsani in shafa wa na Mma. Mutanen gida suka sa mini suna ƙudan zuma. Na amsa.

Wata safiya ina kan tsani, Mma ta riƙe mini ƙafarsa, ta ce, "Kafinta, wa ya sa ka wannan wahala?"

Na ce, "Mma, ni na yi ɓarnar. Kuma Yesu da nake bi, hidima ya zo yi wa mutane. Ni kuwa da baki na fara, maimakon hidima."

"To, Annabi Isa ya fi ka hankali," in ji ta. "Shafa na sama ɗin, ka tsallake shi."

Maganar bangaskiyata da ta saurara ke nan ta farko, kuma ita ta tambaya. Bayan haka mun sha yin hira, tana Musulmarta, ina Kiristana.

Gwandar ta kama. Ba ta yi yawa kamar da ba, amma jikokin sun ci, an kai saura kasuwa. Ku matasan coci, ina gode wa Allah da bai sare ni ba a lokacin da nake hayaniya babu amfani. Ku nemi wanda tukunyarsa ta yi sanyi a gidanku, ku fara daga nan. In ya tambaye ku dalili, ku faɗa masa.