Kanumfarin Kawu Sale

Ni direba ne tun kafin gemu ya fito mini. A tashar Funtuwa na tashi, ina yaron mota a hannun ƙanin mahaifiyata, Kawu Sale, dattijon da duk direbobin hanyar Bakori zuwa Malumfashi ke rusuna wa. Shi ya koya mini sitiyari, shi ya tsaya mini har aka ba ni ƙaramar bas. A lokacin ko sigari ba na sha, kuma tsofaffi har jiran motata suke yi saboda ba na gudu.

Da kaka abin ya fara. In masara ta zo gida mota ba ta hutawa, mutane a ciki, buhuna a sama, ka je ka dawo har bayanka ya ƙage. Akwai wani mai tireda a bakin tasha da ke sayar da batir da sabulu, a ƙarƙashin teburinsa kuma yana da 'yan ledoji ƙanana. Kowa ya san an hana sayar da giya a garinmu, saboda haka ba wanda ke kiran ta da sunanta. Maganin ciwon baya ake ce mata. Ya miƙo mini ɗaya, ya ce, "Direba, gwada wannan, jikinka zai warware." Jikin kuwa ya warware. Kafin damina ta zagayo ba na iya tayar da mota sai na tsotse biyu.

Samari, ku ji yadda garinmu yake. Mutumin da zai tofar da yawu in an ambaci mashayi, shi ne zai ga kana tsotsar leda a bayan mota ya kau da kai, wai yana rufa maka asiri. An tsani giya a baki, amma ba a son a kunyata ɗan mutunci. Ni kuwa ɗan 'yar'uwar Kawu Sale ne, saboda haka asirina ya rufu ruf.

Wata rana da hantsi, gab da Bakori, na sauka daga kwalta na hau kan shanyar masara da manoma ke yi a gefen titi. Na bi ta kan ƙafar wani tsoho mai juya masararsa. Kawu ne ya fara isowa. Ya matso kusa da fuskata, ya shaƙa, ya gane. Sai ya sa hannu a aljihu ya ɗebo kanumfari, ya cusa mini a baki don ya kashe warin, ya ce a hankali, "Tauna, kada ka yi magana." Ya juya ya ce wa jama'a birki ne ya tsinke. Tsohon nan, ƙafarsa a karye, ya ce, "Ƙaddara ce, na yafe masa." Aka yi ta sa masa albarka. A hanyar gida Kawu ya yi mini faɗa, na rantse na daina. Abin da na koya ranar ɗaya ne tak: in riƙa yawo da kanumfari a aljihu.

Mutum ɗaya ce ta taɓa tsaya mini a gaba, kuma ita ce wadda garinmu ya fi rainawa. Inna Tambai, wata Bamagujiya mai dafa burkutu a wani ƙauye bayan Malumfashi, inda nake zuwa ɗauko dawa. Na je wajenta wata ranar kasuwar Bakori na ce ta zuba mini ƙwarya ɗaya. Ta dubi makullin mota a hannuna, ta fizge shi ta ɗaure a bakin zaninta. Ta ce, "Ni masu tafiya da ƙafa nake sayar wa. In ka sha, nan za ka kwanta har ta sake ka. 'Ya'yan mutane kake ɗauka, ba buhu kaɗai ba." Na zage ta tas, na ce wace ce ita da za ta yi mini wa'azi. Na karɓe makullina na tafi ban sha ba. Da na iso tasha, mai tireda bai tambaye ni komai ba, ya ba ni yadda na nema.

Bayan azahar na yi lodin Bakori. Ina tsaye ina taunar kanumfari sai ga Kawu Sale zai je gaisuwar rasuwa. Ya buɗe gaba ya zauna. Da na shigo ya ji ƙamshin bakina, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya sani sarai, don shi ya koya mini dabarar. Na ga hannunsa ya kai ga ƙofa, sai ya waiga ya ga direbobi suna kallonmu. In ya sauka, kowa zai tambayi dalili, asirin ɗansa ya tonu. Ya janye hannunsa, ya ce, "Ɗana, ka bi a hankali." Akwai wata mata mai goyo da ta tsaya tana ɗari-ɗari da ni. Da ta ga dattijo a gaba, sai ta ce, "Tunda Baba na ciki, ba komai," ta shiga.

Ban bi a hankali ba. A wata kwana na zo wuce tirela, na ga mota a gabana ta zama biyu, ban san wadda zan kauce wa ba. A asibiti na farka. Kawu ya rasu nan take, matar nan ma ta rasu, jaririyarta ta rayu. Jami'in da ya zo kaina ya ji warin giya, aka kuma tsinci ledojin a ƙarƙashin kujerata. Ranar babu mai cusa mini kanumfari, don mai cusawar yana kwance an rufe shi da zane. Mijin matar ya ce shi bai yafe ba, kuma wallahi shi ya fi kowa gaskiya. Kotu ta ɗaure ni.

Na yi shekaru a gidan yari. Mahaifiyata ba ta taɓa zuwa ba, kuma ban ga laifinta ba, ƙaninta na kashe. Can na tuba, na roƙi Allah gafara, kuma har gobe ina roƙo.

Da na fito na tarar an daɗe da fasa tukwanen Inna Tambai, ta koma wajen 'yarta. Mai tireda kuwa yana nan, ya gina shago, ana ce masa Alhaji. Masu yi mini barka da fitowa kowa da kalmarsa ɗaya: "Ƙaddara ce." Kalmar nan tana ƙona mini rai. Ni na sayi ledar, ni na tsotsa, ni na murɗa makulli.

Yanzu dako nake yi a kasuwar hatsi, ba zan sake taɓa sitiyari ba. Ku samari masu sha'awar tuƙi, kada ku karɓi ledar farko ko da sunan magani aka ba ku. In kuwa kun ji warinta a bakin ɗan'uwanku, ku ƙwace makullin a gaban kowa, ya zage ku, ya ji kunya, ya yi shekara ba ya gaishe ku. Da Kawu ya kunyata ni a Bakori, da yau yana raye. Jaririyar nan da ta rayu ta girma, tana zuwa kasuwa da kishiyar kakarta sayen masara, ni nake ɗora musu buhu a kan babur. Tana ce mini, "Sannu, Baba." Ba ta san ko ni wane ne ba, don har yau mutanen garinmu suna rufa mini asiri.