Tafin Yaya Ɗanladi a Kan Soro

Damina huɗu ke nan da muka sauko da yayana Ɗanladi daga kan soron Inna a Sabon Gari. Har yau in na shiga ofis a Samaru, inda nake buga tafireta, sai na jira wani ya kunna fitila. Abokan aiki suna tsokanata, wai Malama Laraba ta yi boko amma tana tsoron makunni. Ba na musu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Yaya leburan reluwe ne. Shekara da shekaru yana sassabe a gefen layin dogo, in wayar tangaraho ta yi ƙasa sai ya ɗage ta da hannu ya wuce, ba ta taɓa yi masa komai ba. Kuma kowace bazara shi ke hawa soron Inna ya yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. A shekarar da abin ya faru aka ja wayar lantarki ta layinmu, ta ratsa ta saman soron, daidai kafaɗar mutum. A ido ba ta da bambanci da waccan. Ashe kama da wane ba ta wane.

Ni ke miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa daga kan tsani. Ƙafarsa tsirara cikin danshi, hannunsa jiƙe. Ya ce min, "Malama, ƙaro makuba, wannan igiyar ta tare min hanya." Ya kai hannu. Abin da ya biyo baya ba zan iya rubutawa ba. Allah ya jiƙansa.

Tun daga nan ba wanda ya sake hawa. Duk maginin da Inna ta kira, ni ke korarsa tun daga zaure. Soro ya fara yoyo, azara ta yi baƙi, Inna na jan gadonta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ita kaɗai a gidan, ni ina Samaru ina kallon hadari. Da Yaya zai leƙo, na san abin da zai ce: tsoron waya zai sa ɗaki ya danne uwarmu.

Bana na daure na je wurin masu lantarki. Ashe in za a yi aiki kusa da waya, sukan turo mutum ya yanke wutar layin, ya tsaya har a gama. Ba wanda ya taɓa gaya wa unguwarmu haka. Rashin sani ya fi dare duhu. Masu hawa soro, masu saran ice, masu haƙa rami a bakin titi, ku tambaya tukuna.

Ran Asabar aka yanke. Na riƙe wa magini tsani ya hau. Magini ya leƙo ya ce akwai shatin tafin mutum a jikin bango ta ƙarƙashin indararo, ruwa bai cinye ba, ko ya kewaye shi?

Inna ta ce, "Rufe, ɗan nan. Ɗanladi ba ya barin yaɓe rabi."

Aka rufe. Ruwan farko ya sauka, ɗakin bai ɗiga ba. Tafin yana nan a ƙarƙashin sabuwar ƙasa, ni da Inna kaɗai muka san wurin.