Kwalbar Giya a Gidan Mai Shayi

Watan jiya likita ya ba ni wata ƙwaya ta ciwon sukari. Ya ce akwai ƙofa a ƙoda wadda gishiri da sukari ke bi tare su koma jini, ƙwayar kuwa rufe ta take yi, sukarin ya fita da fitsari. Ya tambaye ni ko na gane. Na ce na gane, na sunkuyar da kai, domin an taɓa yi mini karatun irin wannan ƙofa a gaban jama'a, kuma ban ji da daɗi ba.

A shekarun tamanin ina sayar da shayi a bakin wani lungu a unguwar Nima, kusa da babbar kwata. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma a kan sukari ba na ganin akwai wanda ya fi ni sani daga nan har unguwar Alajo. Sai 'yarmu mai shekara uku ta kamu da gudawa. Maiɗakina ta goya ta zuwa asibiti a unguwar Maamobi, ta dawo da bayani: a tafasa ruwa, a auna cikin kwalbar giya ɗaya, a zuba gishiri shafaffen ƙaramin cokali da sukari ƙwaya biyar, a riƙa ba yarinya kaɗan-kaɗan.

Na ce, "Kwalbar me?"

Ta ce, "Ta giya, Malam. Wankakkiya. Ma'auni ce kawai."

Na ce muddin ina numfashi wannan kwalba ba za ta kwana a gidana ba. Sannan wane mai hankali ne ke haɗa gishiri da sukari a kofi ɗaya? Shekara goma sha biyar ina dama shayi, ranar da gishiri ya faɗa mini a tukunya zubar da ita na yi. Na yanke hukunci irin na masana: ruwan gishiri da safe, ruwan sukari bayan la'asar, don kada su yi faɗa a cikin yarinya. Da yake kuma ni ba marowaci ba ne, sai na cika sukarin har cokali na tsayawa.

Maiɗakina ta ce, "Ba haka aka ce ba."

Na ce, "Su mutanen asibiti allura suka karanta. Ni sukari na karanta."

Washegari da hantsi yarinya ta daina ko kuka. Idanunta sun faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Maiɗakina ba ta ƙara neman izinina ba, ta aika aka kira nas ɗin da ke zagaya gidaje, wata gajeriyar dattijuwa 'yar ƙabilar Frafra mai jin Hausa kamar a Kano aka haife ta. Ta duba yarinya, ta ɗanɗana haɗina, ta tofar, ta fito har teburina inda mutum shida ke karyawa.

"Kai ne likitan?"

Na ce ni ne maigidan.

"To maigida, buɗe kunnenka. A hanjin ɗan Adam akwai ƙofa, mai gadinta ya fi ka taurin kai. Gishiri ya zo shi kaɗai, ya ce masa ina abokinka? Sukari ya zo shi kaɗai, ya ce koma ka zo da ɗan'uwanka. Sai sun zo tare yake buɗewa, in sun shiga ruwa ya bi bayansu. Kai ka aika ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Wa zai jira wani? Wannan maɗin da ka dama kuma ruwan jikinta yake ƙara janyowa waje."

Wani direban motar haya ta trotro ya ajiye burodinsa ya ce, "Mama, mu ma ki gaya masa, haƙoranmu sun ƙare."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce in yarinya ba ta yi fitsari kafin magariba ba, sai ƙarin ruwa a asibiti, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce in tashi in nemo kwalba yanzu.

Na tsallaka titi da hulata da carbina, na shiga inda ban taɓa shiga ba. Matar da ke sayarwa ta ce, "Alhaji, mai sanyi?" Na ce marar komai nake so. Na cusa kwalbar a hannun riga na kamo hanya ina tafiya kamar mai karaya. A bakin lungunmu na yi kiciɓis da ladanin masallacinmu. Ya miƙo hannu, na manta na miƙa nawa, kwalba ta sulluɓo ta gangara har gaban takalminsa.

A nan na yi abin da ya fi damuna har yau. Na ce, "Wallahi aikin matata ne, ita ta matsa."

Ya ɗauka ya kaɗe mata ƙasa ya ce, "Ta gudawa ce? Ai da ka aiko gidana, muna da biyu. Gidan liman ma akwai. Kai kaɗai ka rage a lungun nan."

Maiɗakina ta wanke kwalbar sau bakwai don ta rufe mini baki, ta auna komai a gabana ba ta dube ni ba. Ni aka ba cokali. Na zauna a tabarma da yarinya a cinyata, ina ɗiga mata, tana amayarwa, ina jira, ina sake ɗigawa. Shayi ya huce a tebur, masu saye suka zuba wa kansu. Ana gab da kiran magariba na ji ɗumi yana bin cinyata, ya jiƙa farar rigar da nake salla da ita. Na ƙwala wa uwarta kira kamar an ba ni kujerar Makka.

Ta zo ta duba, ta ɗauke 'yarta, ta ce in je in sake alwala. Ban ba ta haƙuri ba ranar, ban kuma ba ta ba har ta bar duniya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta yafe mini.