Farin Ƙyallen Yayana

Jiya na wuce wani gareji a unguwar Danau Kota, nan ƙasar waje da nake zaune, warin baƙin mai ya tuna min da marigayi yayana.

Yana kula wa wani ɗan ƙasar nan da tsohon jirgin ruwa, irin mai feso ruwa ta baya. Duk ranar da ya canza tiyon mai, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin inji, ya sa mutum ya zuba masa ido.

Wata rana ni ya ɗauka gwaji a tafki, ni da ban iya iyo ba. Muna cikin gudu na ga ɗigo baƙi a kan ƙyallen, sai ga na biyu.

"Yaya, yana yoyo! Kashe shi!"

"In na kashe, ba ya juyuwa, Ladi. Ga bango a gabanmu. Riƙe sitiyarin nan, karkata dama!"

Ya cusa hannu jikin inji mai zafi ya ɗaure bakin tiyon. Har ƙaurin fatarsa na ji.

Da muka fito na rufe shi da faɗa. Ya miƙo min hannun a saɓule, ya ce, "Gama tukuna, sai ki ɗaure min."

Ubangiji ya sanyaya masa makwanci.