An Yage Littafin Yaya Isuhu

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Isuhu makwancinsa a Gidan Rumji. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Ranar Laraba mai zuwa zan ɗauki matata Rabi zuwa Tunis a yi mata aikin zuciya, ban taɓa hawa jirgi ba, kuma abin da Yaya ya bar mana domin irin wannan rana mutanenmu sun lalata shi da hannunsu.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne majo, wato shugaban ƙaramin asibitin wani ƙauye kusa da Cadakori, har ya ajiye aiki. Da ciwon matarsa Hadiza ya gagari magani a gida, aka ce sai Tunis, ya sayo littafin jagorar matafiya a Yamai, mai kauri, da Faransanci. Mun yi masa dariya har da ni, malamin lakol, wato makarantar boko. Muka ce mai jinya ne zai je kallon teku da kangayen mutanen da? Ya zauna ya haddace taswirar garin kamar mai shirin jarrabawa.

Da ya dawo ya ce mini littafin ya san gari, amma bai san mu ba. Ya nuna masa hanyar jirgin ƙasa, ya gaya masa watan sanyi, ya ba shi lambar ofishin jakadanci. Amma bai ce uffan ba a kan inda Bahaushe zai sami ɗaki mai murhu kusa da asibiti, ko yadda ake ƙulle kuka da daddawa kada a ƙwace a filin jirgi. Sai Yaya ya cike giɓin da jan biro a gefen kowane shafi. Kada ka bi mai taksin da ya tare ka a cikin zauren filin jirgi, fita waje. Tafi da bargo biyu. Ba a barin namiji ya kwana ɗakin mata, nemi mace tun daga gida. Ga layin da ake ba da haya mako-mako, ga masallacin da ya fi kusa.

Daga nan littafin ya zama na kowa. Duk mai kai mara lafiya sai ya biyo ta zauren Yaya. Yakan zaunar da mutum ya bi shafi-shafi da shi, in mutum bai yi lakol ba ya sa shi ya maimaita da baki har ya riƙe. Bayan rasuwarsa na ci gaba da ba da aro, amma ban zaunar da kowa ba, ban kuma tambayi wa ya karɓa daga hannun wa ba. Wannan laifina ne, na amsa.

Ina ma Yaya ya ga yadda ake shirya tafiya yau. Na ce a waya ina neman bayani, kafin la'asar saƙon murya ya cika ta. Wannan ya ce asibitin da ya sani ya fi, wancan ya ce kada in kuskura, wani ɗan kamasho da ban taɓa gani ba yana kirana Baba yana cewa in turo masa hoton fasfo. Kowa gwani ne, ba wanda ya yarda a kama shi da magana a rubuce. Na sa an sayo mini sabon littafi daga Yamai, ga taswira tsaf, na gode. Sauran kuwa hotunan otal ne da wuraren cin kifi, sai ka ce amarci za mu.

Shi ya sa na hau babur na bi sawun tsohon littafin. A Cadakori aka ce yana Tibiri, a Tibiri aka ce an kai Gidan Sori. Can na same shi wurin wani Alhaji Mamman, cikin ledar shinkafa, littafin ya rame kamar tunkiyar da ta sha rani.

"Alhaji, ina sauran?"

"Wallahi Malam haka na ishe shi. Ni warƙa biyu ɗai na cire, ta wurin haya. Littahin ya cika nauyi ga aljihu, kowa ya zaka haka shika yi."

"Kun dawo lafiya, me ya hana a mayar da su?"

Ya sosa ƙeya ya ce yara sun yi wasa da su.

Raina ya ɓaci har na kasa shan furar da aka kawo mini. Mutum ya sha wahala a ƙasar da ba ya jin harshenta, ya rubuta don kada na bayansa ya sha, mu kuma kowa ya yagi abin da zai fisshe shi ya wuce. Ba mugunta ba ce, na sani. Rashin tunanin mai zuwa ne, kuma ya fi mugunta ba ni haushi, don ba wanda zan kama.

A inuwar wani gawo na tsaya na duba abin da ya rage. Bango, jerin manyan otal, sai shafi ɗaya a can ƙarshe da ba wanda ya so ya sa a aljihunsa. Yaya ya cika shi da jan biro, a sama ya rubuta: In Allah ya yi ikonsa a can. Wa za ka fara sanarwa, wace takarda za ka karɓa kafin ka bar asibiti, inda ake wankan gawar mata, sunan maƙabartar. A can ya binne Hadiza, shi kaɗai, bai taɓa ba mu labarin ranar ba. Ashe nan ya ajiye shi.

Abin da ya saura mini na Yaya ke nan, kuma halinsa ne sak, mutumin da ba ya barin ka shiga abu ido rufe ko da ba ka son ji. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Na ninke shafin na sa a bayan fasfona.

Da na shiga gida Rabi tana zaune tana ƙulla garin kunu. Ta ɗago ta ce, "Malam, ka samo littahin Yaya?"

Na ce na samo.

"To alhamdu lillahi," in ji ta. "Tunda Yaya ya rubuta, ba mu ɓacewa."