Takalmin Hagu na Kawu

Kawuna mai gyaran takalmi ne, rumfarsa na jikin katangar cocinmu. Ni da ba na ganin abu ban ƙirga ba, na taɓa bin ƙafafun mawaƙanmu da ido: cikin mutum goma sha biyu, tara ɗinkinsa suke takawa. Gwauraye da ɗalibai kyauta yake musu. Amma kai ka miƙa masa ko ruwan sanyi ne, sai ya ce yanzun nan ya sha. Muna yaba tawali'unsa, shi ma ya yarda da mu.

Ciwon suga ya buɗe masa miki a ƙafar hagu. Maimakon ya faɗa, sai ya farke takalminsa ya ƙara fata don kumburin ya sami wuri. Ɗinkin ya yi kyau har ba wanda ya lura, sai Mama Nas, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke kawo masa gyara. Ta gaya masa in ya ci gaba da ɓoyo, ƙafar za a yanke. Ya ce shi ya saba taɓa ƙafafun mutane, ba a taɓa tasa.

A nazarin Littafi Mai Tsarki na makon, shi aka ba karatu, inda Yesu ya ɗaura tawul zai wanke ƙafafun mabiyansa, ɗayansu ya ƙi. Kawu ya tsaya nan ya ce wannan mutumin ya san kunya, shi ma da haka zai yi.

"Baban takalma, da saura," in ji Mama Nas. "Karanta amsar da aka ba shi."

Ya ci gaba, muryarsa na raguwa: wanda ya ƙi a wanke shi ba shi da rabo da Ubangiji. Sai ya sunkuya ya kwance igiyar takalmin hagu.

"Akwai wari fa, Mama."

"Namu da kake shaƙa kullum turare ne?"

A ranar muka kai shi asibiti. An cire ɗan yatsa ɗaya, ƙafa ta tsira, mun gode Allah. Yanzu kowace safiya Mama Nas na zuwa rumfar da roba da ruwan ɗumi. Da farko da gunaguni yake miƙa ƙafar, daga baya ya koyi faɗin "na gode" kawai.

Jiya na ƙirga masa yatsun, na ce saura tara. Ya yi dariya ya ce, "Taran ma, ɗana, ba ni na ɗinka su ba."